Tallan intanet: Wa ke riƙe da mudun awo?

A watan Satumban 2025, Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tarar euro biliyan 2.95, bayan da ta same shi da laifin fifita hajarsa a kan ta abokan gogayya a kasuwar tallace-tallace ta intanet.

Watanni biyar kafin nan, wata alƙaliya a jihar Virginia ta Amurka, Leonie Brinkema, ta yanke hukuncin cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba a ɓangarori biyu na wannan kasuwa.

Google ya ce bai gamsu ba, kuma zai ɗaukaka ƙara a kan duka biyun.

Hausawa kan ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To amma wannan faɗa da ruwan duk wanda ya buɗe shafi ko tasha a intanet da fatan samun abin kai wa bakin salati, daga Landan har Kano.

Dalili kuwa shi ne tambayar da kotunan suka fuskanta ita ce dai ke gaban ƙaramin mai shafi: wa ke yanke farashi, wa kuma ke ƙirga abin da aka sayar?

Yadda cinikin yake

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara wajen neman kuɗi da talla a intanet.

Ta farko dillanci ce. Mai shafi zai yaba wani kaya, ya sanya mahaɗi, wato adireshin da ake latsawa a tafi kantin da ake sayar da kayan. Idan mai karatu ya bi ta nan ya saya, sai a ba mai shafin la'ada.

Kamfanin Amazon ne ya fito da wannan tsari fili tun a shekarar 1996. A Najeriya ma, Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, sun buɗe irin nasu.

Ta biyu ita ce tallan da ba a biyan kuɗinsa sai an latsa shi. Wani kamfanin Amurka mai suna GoTo.com ne ya yaɗa ta a 1998, kafin Google, wanda ya ƙaddamar da AdWords a shekarar 2000, ya rungume ta a 2002.

A nan gwanjo ake yi kan kalmomi. Mai otal a Abuja, alal misali, zai taya kalmomin da matafiya ke rubutawa idan suna neman masauki. Duk sa'ad da wani ya yi bincike, na'ura za ta duba tayin kowa da kuma dacewar tallansa, ta jera su cikin ƙiftawar ido.

A 2003 Google ya ɓullo da AdSense, wanda ya ba masu shafuka damar liƙa irin waɗannan tallace-tallace a ba su kaso.

Girman kasuwar ba ƙarami ba ne. A shekarar 2024, Alphabet, uwar kamfanin Google, ya samu dala biliyan 350, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin daga talla suka fito.

Dillali ɗaya, mai gwanjo ɗaya

A kasuwar dabbobi, mai saniya yana tsaye ake taya ta, kuma da bakinsa yake sallamawa. Dillali shaida ne kawai da ke jiran la'adarsa.

A intanet lamarin ya sha bamban. Tun bayan da Google ya kammala sayen kamfanin DoubleClick a 2008 kan dala biliyan 3.1, ya kasance shi ne ke da manhajar da manyan masu shafuka ke sayar da guraben talla da ita, shi ke da manhajojin da masu talla ke saye da su, kuma shi ke da dandalin gwanjon da ke tsakaninsu, wanda ake kira AdX.

Kotun Virginia ta ce kamfanin ya ɗaure manhajar masu shafuka da dandalin gwanjon, ta yadda mai son ɗaya sai ya haɗa da ɗayan. Dandalin kuma ya daɗe yana cire kimanin kashi 20 cikin 100 na kuɗin cinikin da ya bi ta cikinsa.

Sai dai kotun ba ta amince da ɗaya daga cikin zarge-zargen gwamnatin Amurka ba, wato wanda ya shafi ɓangaren masu sayen talla.

Google ya sha nanata cewa masu shafuka na zaɓar manhajojinsa ne domin sauƙinsu da ingancinsu, kuma akwai gasa daga Meta da Amazon da TikTok.

Ko ma dai mene ne, mai shafi ba ya ganin gwanjon da idonsa. Alƙaluman da kamfanin ya nuna masa da safe su ne hujjarsa.

Ana sauya farashi ba shawara

Ba Google kaɗai ke da wannan iko ba.

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane suka koma sayayya daga gida, Amazon ya zaftare la'adar dillalansa a Amurka. Ta kayan ɗaki ta sauko daga kashi 8 zuwa kashi 3 cikin 100, ta kayan masarufi kuma daga kashi 5 zuwa kashi 1. Sanarwar mako guda aka ba su.

Shi ma Google, a farkon 2024, ya sauya yadda yake biyan masu amfani da AdSense. Yanzu galibi yana lissafi ne da yawan lokutan da aka nuna talla, maimakon yawan latsawa. Kamfanin ya ce kason mai shafi zai ci gaba da zama kusan 68 cikin 100 idan ta hannunsa aka sayi tallan.

Wannan na nufin da yawa daga cikin dabarun da aka daɗe ana koyarwa, na yadda za a ja hankalin mai karatu ya latsa, sun rage tasiri.

Sai kuma batun wanda za a ba la'adar. Idan mutum ya latsa mahaɗin dillali, ana ajiye wata 'yar alama a wayarsa ko kwamfutarsa domin a gane ta hannun wa ya zo. A tsarin Amazon, alamar kan yi aiki ne na sa'o'i 24. Kuma a yawancin kantuna, wanda aka latsa nasa a ƙarshe shi ke kwashe la'adar.

A watan Disamban 2024, wani mai tasha a YouTube da ake kira MegaLag ya zargi manhajar Honey, wadda ke nema wa masu saye rangwame, da sauya alamar dillalai da tata a daidai lokacin biyan kuɗi. Kamfanin PayPal ne ya sayi Honey a 2020 kan kimanin dala biliyan 4.

Masu tashoshi da dama sun garzaya kotu, suna ganin an yi musu kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. PayPal ya musanta aikata ba daidai ba, yana cewa ƙa'idojin da aka saba da su a harkar yake bi.

Latsawar bogi

Masu biyan kuɗin tallan su ma suna da nasu kukan, domin ba kowace latsawa ce ta mutum ba.

Tun a 2006 Google ya amince da sulhu na dala miliyan 90 da masu talla da suka ce an caje su kuɗin latsawar bogi.

A 2018, gwamnatin Amurka ta tuhumi mutane takwas da amfani da dubban na'urori, da kuma kwamfutocin jama'a sama da miliyan 1.7 da aka yi wa kutse, wajen ƙirƙirar masu kallo na ƙarya. A 2021 aka yanke wa ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙasar Rasha Aleksandr Zhukov, ɗaurin shekaru 10.

Ƙaramin nau'in wannan algus shi ne abokai su haɗa kai suna latsa wa juna talla. Dokokin AdSense sun haramta hakan, sun kuma haramta roƙon masu karatu su latsa. Hukuncin na iya kaiwa ga rufe asusu da riƙe kuɗin da aka tara, kuma kamfanin ba ya yin cikakken bayanin yadda ya gano laifin.

Amsa ba tare da ziyara ba

Barazanar da ta fi girma a halin da ake ciki ba daga kotu ta fito ba.

A watan Mayun 2024, Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta a saman sakamakon bincike. Mai tambaya kan samu abin da yake nema ba tare da ya leƙa shafin da aka tsamo bayanin ba.

Cibiyar bincike ta Pew ta bi diddigin binciken Amurkawa 900 a watan Maris na 2025. Ta gano cewa inda aka nuna irin wannan amsa, sau 8 cikin 100 kawai aka latsa wani shafi, alhali inda ba a nuna ba sau 15 ne. Google ya soki hanyar da aka bi wajen binciken.

A watan Satumban 2025, kamfanin Penske Media, mai mujallun Rolling Stone da Variety, ya kai Google ƙara kan wannan batu.

Ga dillalin da ya dogara da rubuta bayanin wayar da ta fi kyau ko injin da ya fi ƙarko, lissafin a bayyane yake: in babu mai ziyara, babu la'ada.

Ina matsayin Hausa?

Mai rubutu da Hausa na da wani ƙarin shinge.

Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun a 2013. Amma jerin harsunan da AdSense ke karɓa, kamar yadda yake a 2024, ya ƙunshi Larabci da Urdu da Bengali da Tamil, babu Hausa a ciki, kuma ƙa'idar kamfanin ta hana liƙa tallansa a shafin da akasarin rubutunsa ke cikin harshen da ba ya jerin.

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta bidiyo. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo, da sharaɗin ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Wannan na cikin abin da ya ja 'yan Kannywood zuwa fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So.

Meta ma ya buɗe wa 'yan Najeriya da Ghana damar samun kuɗin talla a Facebook a tsakiyar 2024.

Sai dai kuma farashin talla na bin aljihun mai kallo ne. Kalmomin inshora da na lauyoyi a Amurka na cikin mafiya tsada, domin ciniki ɗaya kan mayar da kuɗin. Kallo dubu daga Zinder ko Gusau ba ya kawo ko kusa da abin da kallo dubu daga Amurka ke kawowa.

Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta zama kaifi biyu. Wanda ake biya da dala ya ga ƙari, ɗan kasuwar da ke sayen talla kuma ya ga tsada, ga harajin kashi 7.5 cikin 100 da Meta ya fara ɗora wa masu talla a Najeriya a 2022.

Abin da ke hannun ƙaramin dillali

Duk da haka, akwai abubuwan da ba sai an jira kotu ba.

Ga mai sayen talla, abin ƙirgawa shi ne ciniki, domin latsawa dubu da ba ta kawo mai saye ko ɗaya ba cinikin biri a sama ce. Manhajar Google Ads na ba shi damar ƙayyade kuɗin da zai kashe a yini, da garuruwan da za a nuna tallan, da kalmomin da ba ya so tallansa ya fito a kansu. Mai shadda a Kantin Kwari ba shi da dalilin biyan kuɗin latsawar wanda ba zai iya aika wa kaya ba.

Ga mai shafi, Search Console da Google Analytics kyauta ne, kuma suna nuna masa inda masu karatunsa ke fitowa. Idan ta ƙofa ɗaya dukansu ke shigowa, ranar da aka rufe ta kasuwarsa ta tashi.

Shi ya sa tara mabiyan da za a iya kaiwa gare su kai-tsaye, ta imel ko WhatsApp, da ƙulla ciniki da 'yan kasuwar gida ba tare da ɗan tsakiya ba, ya fi ɗorewa. A nan ne kaɗai mai shafi ke faɗin farashinsa da bakinsa.

Akwai kuma batun amana. Dokokin Amurka sun wajabta wa dillali ya bayyana cewa yana da la'ada a kan kayan da yake yabo. A Najeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta shigar da tallan intanet ƙarƙashin kulawarta. AdSense ma na ba mai shafi damar toshe tallan caca da na giya.

Daga ƙarshe, shiga dillancin Amazon ko AdSense ba a biyan ko kwabo. Duk tsarin da ya ce sai an biya kuɗin rajista, a riƙa latsa hotuna, a kuma jawo wasu domin riba ta ninka, to banza ba ta kai zomo kasuwa. Dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekaru 10 ga masu shirya irin wannan damfara.

A zaman da aka yi a watan Satumban 2025, ma'aikatar shari'ar Amurka ta nemi kotun Virginia ta tilasta wa Google sayar da dandalin AdX, kamfanin kuma ya ce gyaran ƙa'idoji ya wadatar.

To amma ko da dandalin ya sauya hannu, ba a hannun mai shafin Kano ko Maraɗi mudun zai faɗa ba. Jarin da ba mai iya zaftare masa da sanarwar mako guda shi ne yardar masu karatunsa.