Yadda rakiyar sojoji ga masu safiyo ta haifar da rikicin ƙasar da Amurka ta kasa kashewa

A watan Disambar 2024 gwamnatin Amurka ta haramta bayar da sababbin filayen haƙar ma'adinai na tsawon shekara 20 a kan eka sama da 20,000 a tsaunukan Black Hills da ke jihar Dakota ta Kudu. Matakin ya biyo bayan ƙorafin mazauna yankin da na ƙabilun 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka ce binciken zinare zai gurɓata ruwan sha.

Sai dai ga al'ummar Lakota, wani reshe na ƙabilar Sioux, maganar ta wuce ta ruwa. Har yau suna kallon tsaunukan a matsayin ƙasarsu da aka ƙwace, kuma tushen rikicin yana komawa ne ga ayarin masu safiyo da sojoji suka riƙa yi wa rakiya a ƙarni na 19.

Me ya sa masu awo ke buƙatar bindiga?

A 1853 Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala 150,000 domin a nemo hanyar da layin dogo zai bi zuwa gaɓar tekun Fasifik, aka kuma damƙa aikin ga ma'aikatar yaƙi. A watan Oktoban shekarar aka kashe Kyaftin John Gunnison da mutanensa bakwai kusa da kogin Sevier a Utah, bayan ya raba ayarinsa gida biyu ya tafi da 'yan rakiya kaɗan.

Darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne a ƙara sojoji. To amma kowane soja ciki ne da za a ciyar, haka dokinsa, haka alfadarin da ke jan kayan abincinsa. Da ayari ya girma sai tafiya ta yi nauyi, ƙurarsa kuma ta riƙa sanar da zuwansa tun daga nesa.

An ga haka a kwarin kogin Yellowstone, inda kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ke son shimfiɗa layinsa. A watan Agustan 1872 mayaƙan Lakota, cikinsu har da Sitting Bull da Crazy Horse, sun far wa sojojin da ke rakiyar injiniyoyin kamfanin. Ba a kashe mutane da yawa ba, amma masu awon suka karaya, aikin ya tsaya.

Shekara guda bayan nan sai Kanar David Stanley ya fito da sojoji kimanin 1,500 da kekunan kaya 275, yayin da jiragen ruwa ke kai musu ƙarin guzuri ta kogi. Duk wannan runduna domin kare masu awo ne da ba su taka kara sun karya ba a yawa. An yi arangama sau biyu a watan Agusta, an kuma kammala awon. Sai dai a watan Satumba bankin Jay Cooke da ke ɗaukar nauyin layin ya durƙushe, dogon ya tsaya a Bismarck na tsawon shekaru.

Daga awo zuwa ƙwace

Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Sioux tsaunukan Black Hills, ta kuma ce ba za a sallama wani yanki ba sai kashi uku cikin huɗu na baligan mazansu sun sa hannu.

Duk da haka, a ranar 2 ga Yulin 1874 Laftanar Kanar George Custer ya nufi tsaunukan da mutum kusan 1,000 da kekunan kaya 110. A hukumance, wurin gina sansanin soja ya je dubawa. Amma a ayarin akwai masanin duwatsu da 'yan jarida da masu neman zinare biyu. Kafin ya dawo gida, jaridu sun baza labarin an ga zinare.

Sawun da kekunan suka bari shi ya zama jagora ga dubban masu haƙa, har Lakota suka laƙaba masa suna Hanyar Ɓarayi. Gwamnati ta taya tsaunukan dala miliyan shida, masu ƙasa suka ce albarka. Yaƙi ya biyo baya, inda aka kashe Custer da sojojinsa fiye da 260 a Little Bighorn a watan Yunin 1876.

A nan ma abinci ne ya yanke hukunci. Majalisa ta ce za a dakatar da rabon abincin da Sioux suka dogara da shi muddin ba su sallama tsaunukan ba. Kusan kashi 10 cikin 100 na mazan ne kawai suka sa hannu, amma a 1877 aka mayar da ƙwacen doka.

Kuɗin da aka ƙi karɓa

A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa an karɓe ƙasar ba tare da biyan haƙƙi ba, ta tabbatar da diyyar da ta haura dala miliyan 100 idan an haɗa da kuɗin ruwa. Sioux suka ƙi karɓa, domin a ganinsu karɓa tamkar amincewa ce da cinikin da ba su yi ba. Kuɗin na nan a asusun gwamnati, sun zarce dala biliyan ɗaya, alhali yankunan da ƙabilun ke zaune, kamar Pine Ridge, na cikin mafiya talauci a Amurka.

Abin lura ga Najeriya

Najeriya ma ta ɗanɗana haɗarin awo a ƙarƙashin bindiga. A watan Yulin 2017 mayaƙan Boko Haram sun yi wa ayarin masu binciken man fetur na NNPC da Jami'ar Maiduguri kwanton-ɓauna a yankin Magumeri na jihar Borno, duk da rakiyar sojoji da 'yan sa-kai. Gomman mutane sun mutu, an sace ma'aikatan jami'ar uku waɗanda ba a sako ba sai a Fabrairun 2018, an kuma dakatar da aikin.

Lamuran biyu ba ɗaya ba ne. Lakota al'umma ce da ke kare ƙasar da yarjejeniya ta ba ta, Boko Haram kuwa ƙungiya ce da ta fi kashe mutanen yankin da kansu. Inda suka yi kama shi ne lissafin hukumomi, na zaton cewa rakiya za ta iya maye gurbin zaman lafiya.

Rakiya na iya kai mai awo ta dawo da shi, amma layin dogo ko rijiyar mai ko ramin zinare za su zauna ne shekara da shekaru a tsakiyar mutanen wurin. A Black Hills, mahaƙar Homestake ta fitar da zinare kusan oza miliyan 40 kafin a rufe ta a 2002. Haramcin da aka sanya a 2024 kuma na shekara 20 ne kawai, wata gwamnatin na iya soke shi, yayin da buƙatar Lakota ta a mayar musu da ƙasarsu take nan yadda take tun 1877.