Ciwon Baya a Ƙasa Mai Tsarki: Ilimi Ma Guzuri Ne

Maniyyaci ya sunkuya zai ɗauki jakarsa a Jidda, sai baya ya riƙe. Ina mafita, ga shi baƙo?

Gadon bayan ɗan Adam jerin ƙasusuwa 33 ne, tsoka na tallafe da su. Dogon zama cikin jirgi da ɗaukar kaya kan gajiyar da tsokar, balle sa'ayi tsakanin Safa da Marwa mai kimanin kilomita 3. Galibin irin wannan ciwo yakan lafa cikin mako 6, kuma motsi a hankali ya fi kwanciya amfani.

Amma idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya kuɓuce, to kada a jira komawa gida. A nemi likita nan take. Lambar motar asibiti a Saudiyya ita ce 997. Haka kuma a guji haɗiyar ƙwayoyin abokin ɗaki, domin irin su ibuprofen kan cutar da ƙoda idan jiki ya ƙarancin ruwa.

A ganina, wajibi ne a koyar da wannan a aji da wajen bitar alhazai. Ɗalibin da ya sani, shi zai tunatar da iyayensa.