Sarauniyar zuma baƙuwa ce

A ƙasarmu, daga Magarya har Gaya, turara amya ake yi, a ɗora bisa itace, a jira zuma ta shigo. A Amurka kuwa sayen ƙudan zuma ake yi a akwati: ƙuda wajen 10.000, da sarauniya cikin ɗan keji da aka toshe da alewa. Da maraice ake zazzage su cikin amya, a ba su ruwan sukari. Sarauniyar nan ba uwarsu ba ce; in aka sake ta nan take, suna iya kashe ta. Kafin su cinye alewar, kamar kwana 3, sun saba da ƙanshinta. Mai gaggawa kan yi asarar kuɗinsa da zumar shekara.