Malamin da Ya Fi Ƙarfin a Tambaye Shi

Kowace shekara, da zarar kaka ta wuce an kai gero da dawa rumbu, sai mu ga samari daga Kademi da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi sun kama hanyar birnin Kano, wasu don cin rani, wasu don neman karatu. Wannan al'ada ce mai kyau da muka gada. Amma iyaye nawa ne cikinmu suke bin sawu su ga hannun wanda yaro ya faɗa? Wannan ita ce maganar da za mu yi a filin namu na yau, domin Kano ta taɓa ɗanɗana kuɗar sakaci da ita.

Dattawanmu ba su manta da Muhammadu Marwa ba, mutumin ƙasar Kamaru wanda aka yi wa laƙabi da Maitatsine saboda yawan tsinuwar da yake yi cikin wa'azinsa. A shekarar 1962, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, an kore shi daga ƙasar nan, amma bayan 'yan shekaru ya komo, ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki. Ya la'anci mai hawa keke da mai ɗaura agogo da mai sauraren rediyo, ya yi watsi da hadisai, ya mai da sauran Musulmi tamkar arna. Mafi yawan mabiyansa gardawa ne da 'yan cin rani, 'ya'yan talakawa da suka shigo birni ba su da masauki, shi kuwa ya ba su wurin kwana da abinci. A watan Nuwamba na 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa da takardar ya tashi daga wurin, amma lokaci ya riga ya ƙure. Ran 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke a filin Shahuci, bai kwanta ba sai da Shugaba Shehu Shagari ya tura soja. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka rasu. Ko bayan mutuwarsa wutar ba ta mutu ba, ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Abin lura shi ne, wannan masifa ba dare ɗaya ta girma ba. Shekara da shekaru maƙwabta suna kuka, ana ƙwace musu gidaje da hanyoyi, yara suna shiga ba sa komawa gida, amma kowa yana cewa ai sha'anin malamai ne, ba a sa baki. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Kada wani ya zaci wannan cuta tamu ce mu kaɗai, ko kuwa ta marasa ilmin boko ce. Mu leƙa ƙasar Japan, inda addinin Buddha ya yi tushe tun ƙarnoni masu yawa. A can wani mutum mai suna Shoko Asahara ya tsinto wasu koyarwar addinin Buddha, ya gauraya su da na wasu addinai, ya kafa ƙungiyar Aum Shinrikyo, har hukuma ta yi mata rajista a 1989. Cikin mabiyansa akwai likitoci da masana kimiyya da suka fito daga manyan jami'o'i. Wanda ya shiga sosai sai ya miƙa dukiyarsa duka, ya yanke hulɗa da iyayensa. Da wani lauya, Tsutsumi Sakamoto, ya tsaya wa iyayen da ke neman 'ya'yansu, sai aka kashe shi da matarsa da jaririnsu a watan Nuwamba na 1989, aka kuwa yi shekara shida kafin gaskiya ta bayyana. Ran 20 ga Maris 1995 mabiyansa suka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokyo, mutum 13 suka mutu, dubbai suka jikkata. Sai bayan nan aka gyara doka, aka wajabta wa ƙungiyoyin addini su riƙa gabatar wa hukuma da takardun dukiyarsu da sunayen shugabanninsu.

Akwai kuma darasi na uku, wanda ya nuna amfanin buɗe baki. A watan Yuli na 2017, tsofaffin almajirai takwas na wani shahararren malamin Buddha ɗan Tibet, Sogyal Rinpoche, suka rubuta takarda suka sa hannu da sunayensu, suka zayyana duka da cin zarafin mata da almubazzaranci da suka ce sun gani. Cikin wata guda ya sauka daga shugabancin ƙungiyarsa ta Rigpa, kuma binciken lauyoyi na waje da aka fitar a 2018 ya gaskata da yawa daga cikin ƙorafin.

Idan muka jera waɗannan labarai, addinai sun bambanta, ƙasashe sun bambanta, amma alamomin iri ɗaya ne. Ta farko, malami ya zama maganarsa ita ce hujja, wanda ya nemi dalili a ce ba shi da ladabi. Ta biyu, a raba almajiri da iyayensa da sauran jama'a, a ce kowa ɓatacce ne sai su. Ta uku, dukiya tana shiga ba wanda ya san inda take fita. Ta huɗu, a yi karatun asiri wanda ba a yarda baƙo ya ji ba. Ta biyar, wanda ya so fita a tsorata shi da tsinuwa ko da duka.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Ranar da aka naɗa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, da bakinsa ya nemi jama'a su gyara masa in ya karkace. Imamu Malik ya koyar da cewa kowa ana iya karɓar maganarsa ana iya mayar masa, in ban da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sha gargaɗi a kan miyagun malamai masu mai da ilmi tarkon neman duniya. Girmama malamai wajibi ne, kuma mafi yawan alarammominmu bayin Allah ne masu noma abincinsu, masu riƙon amana. Malamin ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, domin mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Saboda haka muna kira ga Alhazai 'yan kasuwa: kafin ku kai buhun hatsi ko kuɗin gini, ku tambaya wajen wa malamin ya yi karatu, waɗanne littattafai yake karantarwa, kuma su wa suke riƙe da asusu. A kafa kwamiti, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan salla. Ma'aikatan gwamnati kuwa, in ƙorafin talaka ya iso teburinku, daga mai unguwa ko dagaci ya fito, kada ku bar shi ya kwana cikin fayil don tsoron a ce kun taɓa malami. Ku kuma iyaye, ku je da ƙafarku ku ga inda yaro yake kwana da abin da yake ci, ku saurari abin da ake biya masa, ku sa ya zo gida da salla. In ya dawo ya ƙi cin abincin uwarsa, ko ya ƙi bin limamin garinku salla, to ku tashi tsaye tun wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya haɗa su da malamai nagari, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.