Katangar Da Ba A Gani

A ƙasashen Turai akwai wata al'umma da ake kira Roma, wadda asalinta daga Indiya ne. Sun shekara ɗaruruwa a can, amma har yau da yawansu a bayan gari suke, cikin rumfunan kwano, ba famfo ba wuta. A 1999 hukumar garin Usti nad Labem na ƙasar Cek ta gina katanga tsakaninsu da maƙwabtansu, sai da duniya ta yi ca sannan aka rushe ta.

Kafin mu zargi Turawa, ya kamata mu leƙa rugagen da ke kewaye da Udubo. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma Udubo na cikin wuraren da aka keɓe. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa. To, ruga nawa ce ke da rijiya da makaranta da ɗakin shan magani? Muna sayen nono a kasuwar Azare, ba ma tambayar inda mai tallan ta kwana.

Tamu katangar a baki take. Duk wanda muka raina sai mu kira shi ɗan ruga ko bagidaje. Wanda aka mayar abin ba'a kuwa, ba a tunawa da shi ranar rabon rijiyoyi, ba a jin kukansa in gona ta cinye burtali.

'Yan'uwana ɗaliban harshe, gyaran daga bakinmu zai fara. Allah Ya sa mu dace.