Waiwaye: Daga Ɗure Zuwa Lallashi

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe shekaru talatin ko arba'in baya ya san abin da ke biyowa idan aka ce yaro ya ƙi shan magani. Uwa ko goggo za ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da shi a cinya, ta danne masa hannuwa, sannan ta toshe masa hanci da yatsu biyu. Da ya buɗe baki neman iska sai ta tuttula. Haka ake ɗura kunu, haka ake ɗura dauri, haka kuma aka ɗura mana kulorokwin da aka murƙushe a cokali aka dama da ruwa. Yaro ya yi ta tari da kakari, idanu jajur, ana bubbuga masa baya ana cewa, “Shi ke nan, ai ya wuce.”

Iyayenmu mata ba da mugunta suka yi haka ba. Yawancin magungunan wancan zamani don manya aka yi su, sai a raba ƙwaya biyu ko huɗu a ba yaro, ga ɗaci kamar maɗaci. Asibiti da nisa, kuɗin magani da wuyar samu, masassarar damina kuwa tana ɗauke yara a kowace unguwa. Uwar da ta taɓa rasa ɗa ba za ta tsaya rarrashin ɗan shekara biyu ba alhali jikinsa ya yi rau da zafi. Tausayi da tsoro ne suka haifi ɗure. Sai dai yanzu mun san abubuwan da su ba su sani ba, kuma wanda ya sani ba shi da uzurin wanda bai sani ba.

Hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne a maƙogwaro. Yaron da ke kwance yana tsala ihu, an kuma toshe masa hanci, da baki kaɗai yake jan iska. Abin da aka zuba masa a wannan hali yana iya bin iskar ya faɗa huhu. Wani ya ƙware ya yi tari ya warware, wani abin ya zame masa ciwon huhu bayan kwana biyu, wani kuma numfashin ya tsaya nan take. Ga kuma matsalar awo: rabi ya zube a wuyan riga, rabi ya dawo da amai, uwa ba ta san nawa ya shiga ba, sai ta ƙara da ƙiyasi. Magani irin farasitamol kuwa idan ya wuce kima hanta yake lalatawa.

Da an tambayi dalilin ƙin, da an ga ba taurin kai kaɗai ba ne. Allah ya halicci harshen yaro da son zaƙi da gudun ɗaci, kuma akwai hikima a ciki, domin tsirrai masu guba da yawa ɗaci gare su. Binciken da aka yi a cibiyar Monell da ke Filadelfiya a Amurka, wadda aikinta shi ne nazarin ɗanɗano da ƙanshi, ya nuna yara sun fi manya son zaƙi, sun kuma fi su ƙyamar ɗaci. Ga shi a shekara biyu zuwa uku ne yaro yake gano cewa yana da ikon cewa a'a, yana gwada ta a kan wanka da takalmi da abinci. A haɗa wannan da zazzaɓi da tashin zuciya, sannan a tunkaro shi da cokali, dole ya dantse baki.

Su ma masu yin magani sun daɗe kafin su lura da yara. Sai a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na yara daban da na manya, ta kuma fara kiran a riƙa yin magani daidai da jikin yaro. Najeriya ta riga ta bar kulorokwin tun wajen 2005, bayan ƙwayar cutar maleriya ta daina jin sa, ta koma haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin. A 2009 aka fito da Coartem mai narkewa a ruwa, mai ɗan zaƙi, wanda aka yi musamman don ƙananan yara. Yau amoksisilin na ciwon huhu da zinc na gudawa duk akwai masu narkewa a ɗan ruwa ko nonon uwa. Haƙƙin uwa ne ta tambaya a asibiti ko kemis, “Malam, babu irin na yara mai narkewa?” Wannan tambaya kaɗai takan rage rabin wahala.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, magani ba a shan sa sau ɗaya a gama. Na maleriya irin Coartem sau shida ne cikin kwana uku. Zinc kwana goma ne zuwa sha huɗu. Dubi kuma maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana rabawa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, ta ce yana iya kare kusan kashi 75 cikin ɗari na kamuwa da cutar. An fara shi a Katsina da wasu sassan kudancin Nijar a 2013, yau ya game jihohin Arewa. A ranar farko ma'aikaciya ce ke tsayawa a sha a gabanta. Rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, haka kuma za a maimaita kowane wata har damina ta ja baya. Idan aka yi wa yaro ɗure ranar farko, gobe da ya hango cokali ya shige ƙarƙashin gado. Uwa ta gaji, ta ga jiki ya yi sanyi, ta ajiye sauran a kan taga. Ciwo ya dawo, a ce maganin ne ba shi da kyau. Ashe yardar yaro ita ma cikin magani take.

Na ga yadda ake samun wannan yarda a wurin wata dattijuwa a danginmu, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Jikanta ɗan shekara biyu da rabi ya ƙi shan magani, uwarsa ta rasa yadda za ta yi. Tsohuwar ta ɗauke shi ta zaunar a cinyarta, bayansa a ƙirjinta, ta ce, “Haba maigida, ni da nake jiran ka warke ka kawo mini cefane? Wannan yana da ɗan ɗaci, ba zan ɓoye maka ba. Da cokali za ka sha ko da wannan?” Ta nuna masa sirinjin da ba allura. Ya nuna sirinji. Ta sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, ba ta nufi maƙogwaro ba, ta riƙa matsawa kaɗan-kaɗan tana jira ya haɗiye. Ya yamutsa fuska, ya yi ɗan kuka, ta miƙa masa kofin madara, ta ce wa mutanen gida su tafa wa jarumi. Ba ta tambaye shi ko zai sha ba, domin wannan ba zaɓinsa ba ne. Yadda zai sha ta bar masa, kuma wannan ɗan ikon ya ishe shi. Madarar ma ba lada kaɗai ba ce, maganin maleriya irin su Coartem ya fi shiga jiki idan an bi shi da nono ko abu mai maiƙo.

Daga baya ta ja hankalin uwar a kan wasu abubuwa. Cokalin kicin ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani zurfi. A yi amfani da murfin awo ko sirinji mai lamba. Idan za a gauraya magani da kunu ko ayaba, a fara tambayar likita, kuma a sa a loma ɗaya ko biyu, domin idan aka zuba a kofi guda yaro ya sha rabi, rabin magani ya sha. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya kare kansa daga gare ta ba tukuna.

Akwai ƙarya biyu da muka gada, waɗanda ya kamata su tsaya a kanmu. Ta farko, “Sha, alawa ce.” Yaron da ya ɗanɗana ya ji ɗaci ba zai sake yarda ba, wanda kuma ya ji zaƙi zai nemi kwalbar ranar da ba kowa a ɗaki. Ta biyu, “In ba ka sha ba a kai ka a yi maka allura.” Da bakinmu muke mayar da asibiti gidan horo, sannan mu yi mamakin yaron da ke birgima a ƙasa ranar rigakafi.

Lallashi ba ya nufin a bar yaro da ciwo. Wani lokacin sai an riƙe shi, mutum ɗaya ya rungume shi a zaune, ɗaya ya ba shi a hankali, hanci a buɗe, ba faɗa ba duka. Idan ya amayar jim kaɗan bayan sha, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a maimaita. Idan kuwa yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya kasa shan nono, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, maganar cokali ta ƙare, sai asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Iyaye maza, wannan aiki har da mu. Sayo magani a miƙa daga bakin ƙofa bai sauke nauyi ba. Uwar da ta kwana uku ba barci haƙurinta ya kusa ƙarewa, kuma a nan ne hannu yake komawa ga abin da ya saba gani. Uba ya karɓi na dare, ya riƙe lissafin sau nawa aka sha, ya tabbata an kai ƙarshe ko da jiki ya yi sauƙi. Iyayenmu sun ba mu magani da iyakar abin da suka sani, Allah ya saka musu da alheri. Mu da aka sauƙaƙa wa magani aka kuma sanar da mu haɗarin ɗure, abin da ya rage mana shi ne haƙurin minti goma da faɗa wa yaro gaskiya.