Hayar shago a Ghana: kuɗi ya fita, takarda babu

A makon jiya wata 'yar uwa mai sayar da atamfa a Nima ta same ni da hawaye. Shekara huɗu da suka wuce ta biya gudwil mai nauyi, ta ƙara da kuɗin haya na shekara biyu, ta sa tayil da ƙofar ƙarfe da kuɗinta. Mai gidan ya rasu, magada sun yi ciniki da wani mai gini, an ba ta wata uku ta kwashe kayanta. Na ce, "Hajiya, ina takardar yarjejeniya?" Ta ce ai Alhaji mutumin kirki ne, da baki suka gama. Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ɗauko maganar yau.

Mu fara duba inda kasuwar gine-ginen kasuwanci ta dosa. Tun da aka buɗe Accra Mall a 2008, sai West Hills Mall a 2014 da Kumasi City Mall a 2017, masu jari suka yi ta zuba kuɗi a manyan kantuna da dogayen ofisoshi irin na Airport City. Galibin hayar waɗannan wurare da dala ake lissafa ta, alhali ɗan kasuwa da sidi yake ciniki. Da sidi ta faɗi warwas a 2022, tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, lissafin ya rushe. A ƙarshen wannan shekarar ne kantin Game ya rufe rassansa a ƙasar nan. Ga kuma kamfanoni da suka rage girman ofis tun zamanin korona.

Shi kuwa kuɗi ba ya kwana wuri ɗaya. Masu gini sun juya ga rumbunan ajiyar kaya a wajen Tema da Spintex, da kuma jerin shaguna masu hawa biyu ko uku a bakin titi, inda jama'a ke da yawa. To ina ya kai unguwanninmu jama'a? Nima da Maamobi suna maƙwabtaka da Kanda da unguwannin filin jirgi, inda ƙasa ta fi tsada a Accra. Haka Madina, haka Aboabo da Asawase a Kumasi. Gidan da kakanni suka gina da laka yau ya zama abin da mai jari ke zagayawa.

Wannan alheri ne in mun shirya, asara ce in ba mu shirya ba. Abin da ke raba biyun shi ne takarda.

Mai haya ya sani cewa dokar haya ta 1963, wato Act 220, ta hana a karɓi kuɗin gaba da ya wuce na wata shida. Kowa ya san ana taka ta, amma tana nan, kuma ofishin Rent Control na karɓar ƙara. Babban Bankin Ghana ma ya sha nanata cewa sa farashi da dala ba tare da izini ba ya saɓa wa dokar canjin kuɗi ta 2006. Shi kuwa gudwil ba haya ba ne, kuma yawanci ba a mayar da shi. Don haka kafin ka miƙa ko kwabo, a rubuta shekara nawa ya rufe, yaushe za a iya ƙara haya, wa ke da gyaran da ka yi, kuma me zai faru in mai gida ya rasu ko ya sayar. A sa hannu gaban shaidu, ka karɓi rasit.

Masu gidaje kuma, musamman gidajen gado, ga shawarata: kada ɗoki ya sa ku sayar baki ɗaya. Kuɗin da aka raba wa magada ashirin ba ya shekara, amma shago shida a bakin titi zai ciyar da jikoki. In mai gini ya zo da tayin ya gina ku raba, ku nemi lauyanku, ba nasa ba, a ƙayyade shekarun da ginin zai dawo hannunku. Kafin nan ku je Hukumar Filaye ku tabbatar da sunan da ke kan takardar fili. Ku kuma tuna akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan hayar wurin kasuwanci.

Na san abin da wasu za su ce: neman takarda wajen dattijo rashin kunya ne. Ni ban yarda ba. Dattijon ba zai dawwama ba, kuma magajinsa bai ji abin da kuka faɗa a zaure ba. Rubutu yana tsare mutuncinsa kamar yadda yake tsare jarinka.

Ina kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su samar da takardar yarjejeniya mai sauƙi, da Hausa da Turanci, wadda kowa zai iya ɗauka ya cike. Gwamnati kuma ta sabunta dokar da ta haura shekara 60, ta faɗi matsayin gudwil a fili. Hajiya ta riga ta kwashe atamfofinta zuwa tebur a bakin kasuwa. Kada mu bari ta biyu ta biyo ta.